Guzurin Wanda Ba Ya Cin Nama

Tun fil azal matafiyi abin da ya tarar shi yake ci. Bahaushe ma ya ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo taka ka ɗaura. Mai masauki kuwa, a galibin ƙasashen duniya, ba shi da hanyar girmama baƙo da ta wuce ya yanka masa kaza ko rago, ko ya tarbe shi da ƙwaryar nono. To, ina labarin baƙon da ba ya cin nama, ba ya shan nono, ba ya taɓa ƙwai ko man shanu ko zuma, ga shi kuma tafe da matarsa da 'ya'yansa, dukansu a kan wannan ra'ayi? Irin waɗannan iyalai sun yawaita yau a Turai da Amurka, har suna da gidajen abinci nasu na kansu. Amma ba haka abin ya faro ba. Tarihin tafiye-tafiyensu tarihin wata 'yar tambaya ce, watau: me aka sa a cikin miyar nan? A ƙarni na 19, wanda ya yi ta a babban gidan abinci na Landan sai a ɗauke shi marar tarbiyya. Yau kuwa a wasu ƙasashe doka ce ta tilasta wa mai gidan abinci ya amsa wani ɓangare nata.

Masu ƙaurace wa nama iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su tun da farko. Akwai waɗanda suka bar nama da kifi, amma suna shan madara, suna cin cuku, wasunsu har da ƙwai. Akwai kuma waɗanda suka bar duk wani abin da ya fito daga jikin dabba, mai rai ko yankakkiya, watau masu cin tsiro zalla. Wahalar na farkon a kan hanya mai sauƙi ce, gama nama ba ya ɓuya a cikin akushi. Na biyun su ne abin tausayi, domin madara da ƙwai da kitse narkewa suke yi a cikin burodi da miya da kayan zaƙi, ido ba ya ganinsu, sai dai a dogara ga abin da mai dafuwa ya faɗa.

Ɗaya daga cikin mutanen da tarihi ya fara tabbatar da cewa sun bi wannan tsattsaurar hanya, ba Bature ba ne, Balarabe ne. Shi ne Abul Ala'i al-Ma'arri, shahararren mawaƙin nan da aka haifa a shekara ta 973 a garin Ma'arratun Nu'uman, kudu da Halab a ƙasar Sham. Yana ɗan shekara huɗu ciwon agana ya makantar da shi. Babbar tafiyar da ya yi a rayuwarsa ita ce ta Bagadaza, inda ya zauna kamar shekara ɗaya da rabi cikin malamai da ɗakunan littattafai. A shekara ta 1010 ya kamo hanyar gida da ya ji mahaifiyarsa ba ta da lafiya, amma kafin ya iso ta riga ta rasu. Daga nan ya shiga gidansa ya zauna, kusan bai ƙara fita ba har ya rasu a 1057. Shi da kansa ya laƙaba wa kansa sunan ɗaurarren kurkuku biyu, watau makanta da gida. A tsawon waɗannan shekaru abincinsa bai wuce adas da ɓaure da makamantansu ba. Ya bar nama da kifi, ya bar nono don a ganinsa na ɗan dabbar ne, ya bar ƙwai, ya bar zuma don ƙudan ba dominsa suka tara ta ba.

Kusa da ƙarshen rayuwarsa, wani babban mai wa'azi na daular Faɗimiyya ta Masar, al-Mu'ayyad ash-Shirazi, ya rubuto masa yana neman hujjar barin abin da Allah ya halatta. Wasiƙun da suka yi musaya suna nan har yanzu. Al-Ma'arri ya kawo dalilin tausayin dabbobi, ya kuma ƙara da cewa abin da yake samu a shekara 'yan dinarai ne ƙalilan, ba su isa sayen nama ba. Da mai wa'azin ya yi tayin a riƙa ba shi abin da zai wadace shi, sai ya ƙi karɓa. Malamai da yawa na zamaninsa da na bayansa sun soki ra'ayinsa, wasu har sun tuhumi aƙidarsa. Abin lura a nan dai shi ne yadda ya warware matsalar abinci a kan hanya: ya daina tafiya. Ɗalibai ne suka riƙa zuwa masa daga nesa. Wannan magani ne na wanda bai yi aure ba, bai haifu ba, kuma haka al-Ma'arri ya rayu. Mai iyali ba zai iya kulle ƙofa shekara arba'in da bakwai ba.

Akwai kuma ƙasashen da addini ya riga ya share wa irin wannan matafiyi hanya, ba tare da an yi dominsa ba. Habasha ce ta fi kowace. Mabiya Cocin Otodoks na ƙasar suna azumi kowace Laraba da Juma'a a galibin makonnin shekara, ga kuma babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ban da wasu ƙanana. Azuminsu ya ƙunshi barin nama da madara da man shanu da ƙwai. Saboda haka ko a ƙaramin gidan abinci na bakin hanya, an san abin da ake kira abincin azumi: injera, watau faifan wainar nan mai tsami da ake yi da hatsin tef, a jera mata miyar garin wake da suke kira shiro, da miyar adas, da ganye, duka da man tsiro aka yi su. Baƙo bai bukaci dogon bayani ba. Ya ce na azumi yake so, an gane.

A Indiya abin ya ɗan bambanta. Miliyoyin mabiya addinin Hindu da na Jain ba su cin nama, kuma tun shekara ta 2001 doka ta sa a riƙa buga koren ɗigo a jikin abincin gwangwani da na leda wanda babu nama ko kifi ko ƙwai a ciki. Sai dai koren ɗigon bai hana madara ba, man shanu kuwa shi ne ƙawar girkin ƙasar. A Japan, Sarki Temmu ya hana cin shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a wasu watanni na shekara tun 675, kuma ƙyamar naman dabbobin gida ta daɗe har 1872, lokacin da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa. Har yau a tsaunin Koya akwai gidajen ibada na addinin Buddha masu saukar da baƙi, su ciyar da su girkin sufaye wanda babu dabba a ciki. Amma da zarar an sauko gari, romon busasshen kifi shi ne tushen kusan kowace miya, kuma mai dafuwa yakan ce babu nama da zuciya ɗaya, don a wurinsa ruwan kifi ba nama ba ne.

A ƙasashen Yamma, inda babu irin wannan gado, sai da masu ra'ayin suka gina nasu masaukai. A Amurka, cikin shekarun 1830, mabiya wani mai wa'azi, Sylvester Graham, wanda ke kira a bar nama da giya da farin burodi, sun buɗe gidajen saukar baƙi a New York da Boston, inda ake dafa abinci bisa ƙa'idarsa. Wata mace, Asenath Nicholson, ta riƙe ɗaya daga cikinsu a New York, daga baya kuma ta zaga Ailan, galibi a ƙasa, a 1844 da 1845. Ita ba ta sha wahalar abinci ba, gama talakawan da suka sauke ta dankalin Turawa ne abincinsu safe da dare. Wannan abu ne da ke ta maimaituwa a cikin wannan tarihi: a bukkar talaka mai cin tsiro yakan ƙoshi, a teburin mai arziki ne yake kwana da yunwa.

Iyali na farko da aka san labarinsu sosai su ne na Amos Bronson Alcott. A watan Yuni na 1843 ya kwashi matarsa Abigail da 'ya'yansa mata huɗu, tare da wani abokinsa Ba'ingile, Charles Lane, suka tare a wata gona da suka sa wa suna Fruitlands a jihar Massachusetts. Ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba tufafin ulu, har taki da noma da shanu sun so su guje musu. Da lokacin girbi ya yi, mazan suka fita yawon wa'azin ra'ayinsu, suka bar Abigail da yara suna kwashe sha'ir a guje kafin hadari ya sauko. Wata bakwai aka yi, sanyi da yunwa suka watsa zaman a Janairun 1844. Ɗaya daga cikin yaran, Louisa May Alcott, tana da shekara goma a lokacin da aka tare. Ita ce ta girma ta zama shahararriyar marubuciya, kuma a 1873 ta rubuta labarin gonar cikin zambo. Ra'ayin dai na maigida ne, amma tukunya a hannun uwargida take.

A Ingila an kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ranar 30 ga Satumba, 1847, a garin Ramsgate, kuma da yawa daga cikin jagororinta 'yan wata ƙaramar coci ce ta Salford, kusa da Manchester, wadda ta hana mabiyanta nama tun 1809. Cikin shekarun 1880 gidajen abinci marasa nama suka bazu a Landan. Galibin masu zuwa ba 'yan ƙungiya ba ne, akawuna ne masu ƙaramin albashi, waɗanda suka gano cewa da sisi za a ci abinci kala uku. A Zurich ta ƙasar Suwizalan an buɗe wani a 1898, wanda mutanen gari suka riƙa yi wa ba'a suna kiransa rumbun saiwa, har wasu masu zuwa ta ƙofar baya suke shiga don kunya. Wani tela, Ambrosius Hiltl, wanda likita ya hana shi nama saboda ciwon gaɓoɓi, ya zama mai yawan zuwa, ya karɓi gidan a farkon ƙarni na 20, ya kuma auri mai dafuwar. Gidan yana nan da sunan Hiltl, kuma littafin Guinness ya lissafa shi a matsayin mafi daɗewa cikin irinsa.

Amma babu wanda ya bar cikakken labarin abin da irin wannan matafiyi ke gani kamar Mohandas Gandhi. Ya tashi daga Bombay ranar 4 ga Satumba, 1888, yana ɗan shekara 18, zai je Landan karatun lauya. Mahaifiyarsa Putlibai ba ta yarda ya tafi ba sai da ya yi rantsuwa a gaban wani sufi na addinin Jain cewa ba zai taɓa giya ko mace ko nama ba. A cikin jirgin ruwa kunya ta hana shi tambayar wane abinci ne babu nama, sai ya riƙa zama a ɗakinsa yana cin kayan zaƙi da 'ya'yan itacen da ya yo guzuri. A Landan masu gidan da ya sauka ba su san abin da za su dafa masa ba. Da safe kunun hatsi, da rana da dare dafaffen alayyafo marar gishirin kirki, da 'yan yankan burodi biyu ko uku, shi kuwa saurayi ne mai ci, ga kunyar neman ƙari. Abokin da ke kula da shi ya yi ta lallashi, ya yi ta kawo hujjojin masana, cewa sanyin Ingila ba ya barin wanda ba ya cin nama, kuma rantsuwar da aka yi a gaban tsohuwar da ba ta san ƙasar ba ba ta da nauyi. Gandhi bai iya ba da amsa ba, bai kuma ci ba.

Ya riƙa yawo a ƙasa mil goma ko goma sha biyu a rana, yana shiga ƙananan gidajen abinci yana cika cikinsa da burodi. A cikin wannan yawo ne wata rana ya yi kaciɓis da gidan abinci marar nama a titin Farringdon. A bakin ƙofa ya sayi ɗan littafin Henry Salt mai kare wannan ra'ayi a kan sule ɗaya, ya shiga ya ci abincin da ya fara ƙosar da shi tun isowarsa Ingila. Littafin ya sauya masa tunani. A da saboda alkawarin uwa yake ƙin nama, yana ma fatan ranar da Indiyawa za su ci su yi ƙarfi su kori Turawa. Daga ranar ya zama mai ƙin nama don ra'ayin kansa.

Abokin nasa bai haƙura ba. Wata rana ya gayyace shi kallon wasan kwaikwayo, amma za su fara cin abinci a babban gidan nan na Holborn, da tunanin cewa kwarjinin wurin zai hana shi tambaya. Aka kawo romo. Gandhi ya yafuto mai kawo abinci don ya ji ko na ganye ne. Abokin ya gani, ya fusata, ya ce masa bai dace da zama cikin masu wayewa ba, in ba zai iya natsuwa ba ya fita ya nemi abinci wani wuri, ya jira shi a waje. Ya fita. Akwai gidan abinci marar nama a kusa, amma an rufe. Da yunwa ya kalli wasan, kuma bai ce uffan a kan abin da ya faru ba. Wanda ya kore shi ɗin ba maƙiyinsa ba ne, mai ƙaunarsa ne, ɗan ƙasarsu, wanda ke tsoron kada Turawa su raina shi. Sau da yawa haka abin yake: ba mai gidan abinci ne ke jin haushin tambayar ba, abokin tafiya ne.

Ko a gidajen marasa nama bai tsira daga tambaya ba. Ya tarar a Ingila akwai masu cin kifi su ce ba su cin nama, akwai kuma masu cin ƙwai. Ya ɗan ci ƙwai na wani lokaci, sa'an nan ya tuna cewa a fahimtar mahaifiyarsa ƙwai nama ne, kuma rantsuwa da ma'anar wanda ya karɓe ta ake auna ta. Daga nan tilas ya riƙa tambaya a kan kowane kek da kowane abin zaƙi. Waɗannan gidaje kuma su ne suka zama makarantarsa ta siyasa. An zaɓe shi cikin kwamitin ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ta Landan, a mujallarsu ya fara buga rubutu a 1891. A Johannesburg kuma, a irin wannan gidan abinci ya haɗu da Albert West da Henry Polak, waɗanda suka zama na hannun damansa. Polak ne ya ba shi littafin John Ruskin da ya karanta a jirgin ƙasa zuwa Durban a 1904, wanda ya sa ya kafa zangon Phoenix.

Da iyali suka shigo ciki, sai al'amarin ya wuce maganar yunwar dare ɗaya. A 1902 a Bombay ɗansa Manilal, mai shekara goma, ya kamu da zazzaɓin taifot haɗe da ciwon huhu. Likita ya ce a ba shi ƙwai da romon kaza. Gandhi ya ƙi, ya tambayi yaron, yaron ya bi bayan ubansa, kamar yadda ɗan shekara goma zai yi. Ya yi jinyarsa da ruwan lemo da jiƙaƙƙen mayafi, yaron kuwa ya tashi. A farkon 1909 aka yi wa matarsa Kasturba aiki a Durban, ta galabaita ƙwarai. Likitan ya bugo waya Johannesburg yana neman izinin ba ta romon naman sa. Gandhi ya hana, ya hau jirgi ya zo, sai ya tarar an riga an ba ta. Ya kira abin yaudara. Likitan ya ce muddin tana hannunsa shi zai zaɓi abin da za ta ci, in ba haka ba a ɗauke ta. Aka tambayi Kasturba, ta ce ta gwammace ta mutu da ta ƙazantar da jikinta. Cikin yayyafi aka kai ta tasha a keken da mutum ke ja, aka sa ta a jirgi zuwa Phoenix, daga tashar can mutum shida suka ɗauke ta a raga. Ita ma ta warke. Warkewar mutum biyun nan ba hujja ba ce cewa likitocin sun yi kuskure ko Gandhi ya yi daidai. Kasturba babba ce, ta zaɓa wa kanta. Manilal kuwa zaɓa masa aka yi, kuma da abin ya juya, da wani labari ake bayarwa yau.

Gandhi da kansa bai iya riƙe tsattsaurar hanyar ba. Ya bar madara a 1912, amma da atuni ya kusa kashe shi a 1918, Kasturba ta tunasar da shi cewa saniya da ɓauna ya nufa a alwashinsa, bai ambaci akuya ba. Ya karɓi nonon akuya, ya ci gaba da sha har ƙarshen ransa, yana kuma faɗin cewa abin na damunsa. Da ya koma Landan a 1931 don taron tsarin mulkin Indiya, sai da aka tanadar masa nonon akuya. A watan Nuwamba na shekarar ya yi wa tsohuwar ƙungiyarsa jawabi, Henry Salt na zaune a gefensa.

Abin da ya gagari Gandhi shi wasu 'yan tsiraru a Ingila suka ɗauka a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sun nemi mujallar ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ta ba su fili don waɗanda suka bar madara da ƙwai, aka hana su. A watan Nuwamba na 1944 Donald Watson, malamin koyar da sassaƙa a Leicester, tare da Elsie Shrigley da wasu ƙalilan, suka kafa tasu ƙungiyar. Suka ɗauki haruffa uku na farkon kalmar Ingilishi ta vegetarian da biyu na ƙarshenta, suka haɗa vegan, kalmar da ta shiga harsuna da yawa yanzu. Lokacin bai yi musu daɗi ba. Da kati ake rabon abinci, kuma rangwamen da gwamnati ta yi wa marasa cin nama shi ne ƙarin cuku, wanda ba shi da amfani a gare su. Iyalin da za su yi tafiya a waɗannan shekaru da wanda suka biyo baya, sai su ɗauki burodi da gyaɗa da busassun 'ya'yan itace, su kuma rubuta wa masauki wasiƙa tun kafin su taso.

Babbar damuwarsu ita ce yara. A 1948 masana suka ware sinadarin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba su iya yi sai da shi, kuma ba a samun abin dogaro daga gare shi a cikin tsiro. Cikin shekarun 1950 likitoci a Ingila suka tarar da ƙarancinsa a jikin wasu 'yan ƙungiyar. Babba yana iya shekaru jikinsa na cin abin da ya tara a hanta, amma jaririn da uwarsa ba ta da shi isasshe yana iya samun lahani a ƙwaƙwalwa cikin watanni. Saboda haka ne ƙungiyar da kanta take gargaɗin mabiyanta su riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin ko cin abincin da aka ƙara masa shi. Neman abin da zai maye gurbin nono kuma shi ya sa wasu 'yan ƙungiyar suka kafa kamfanin Plamil, wanda ya fara sayar da madarar waken soya a 1965. Watson dai ya rayu shekara 95, ya rasu a 2005.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauƙi da sauri. Kamfanonin jiragen sama suka amince da alamomin abinci na musamman: VGML ga mai cin tsiro zalla, VJML ga mabiyin Jain, MOML ga Musulmi, muddin an nema kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. A 1996 ƙungiyar Watson ta fitar da wani ɗan littafi mai kamar fasfo, wanda ke bayyana wa mai dafuwa cikin harsuna da dama abin da mai riƙe da shi ke ci da wanda ba ya ci. A 1999 aka buɗe HappyCow a intanet, mai nuna wa matafiyi gidajen abinci irin nasa a garin da ya sauka. Musulmin da ya zauna a Turai ko Amurka ya san wannan hali sarai. Kafin mahautan halal su yawaita, ɗalibai da yawa da kifi da ƙwai da burodi suka rayu, kuma har yanzu wasu iyalai in sun rasa halal a kan hanya, gidan masu cin tsiro suke nufa, tun da can babu fargabar kitsen alade. Sai dai can ma akwai sauran tambaya, domin giya ba dabba ba ce, kuma akan zuba ta a girki.

Doka ita ce ta zo daga baya. Tun watan Disamba na 2014 gidajen abinci a Tarayyar Turai wajibi ne su bayyana ko abincinsu na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane rashin lafiya. Madara da ƙwai da kifi suna cikin jerin, amma nama da kitse da zuma ba su ciki, gama don lafiya aka yi dokar, ba don ra'ayi ba. A 2017 Fotugal ta wajabta wa makarantu da asibitoci da gidajen yari na gwamnati su tanadi abincin da babu dabba a ciki. A watan Janairu na 2020 wata kotun ma'aikata a Norwich ta Ingila ta yanke cewa ƙin amfani da dabba don dalilin ɗa'a aƙida ce da dokar daidaito ta 2010 ta kare.

Yadda amsar tambayar ke iya zama gaskiya rabi kuwa ya fito fili a Amurka. A 1990 kamfanin McDonald's ya sanar cewa ya daina soya dankalinsa da kitsen sa, ya koma man tsiro. Iyalai marasa cin nama, cikinsu har da Indiyawa mazauna ƙasar, suka mai da wannan dankali abin da suke saya wa yara a kan doguwar hanya. A 2001 aka gano cewa tun a masana'anta akan sa masa ɗan sinadarin ɗanɗano da aka samo daga naman sa. Aka kai ƙara a Seattle, labari ya isa Indiya, masu zanga-zanga suka far wa wani reshen kamfanin a yankin Bombay, ko da yake kamfanin ya ce dankalinsa na Indiya ba shi da wannan sinadari. A 2002 McDonald's ya nemi gafara a fili, ya kuma amince ya biya dala miliyan 10, wadda aka raba wa ƙungiyoyin mabiya Hindu da Sikh da na masu ƙaurace wa nama da wasu masu aikin ciyar da yara.